Launin Inna a Bayan Hannunki

Zuwa ga Yayata, uwarmu bayan uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, ina roƙonsa ya sa ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidan da yara da jikoki baki ɗaya. Ya ƙarfin jiki? Surukinki, mijin babbar 'yarki, da ya zo nan wajen aikinsa ya gaya mini gwiwar nan ta sake tashi tun shigowar sanyi a wajenku, har hawa bene yana ba ki wuya. Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi mai ɗorewa. Ki daure ki riƙa shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba, don na san halinki sarai, da kin ji dama-dama sai ki tura kwalbar bayan kabad ki ce kin warke.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Uwar yara hawan jininta ya sauka, har ta koma faɗan da ta saba yi da ni a kan ƙanshin fenti da nake shigo mata da shi falo. Babban ɗana yanzu shi ke riƙe da rabin gareji, kuma ba don ɗana ba ne, hannunsa ya faɗa, sai dai har yanzu in aka kawo mota mai wuyar launi ni ake jira. Autanmu direba ya bar dogon zango saboda ciwon baya, yanzu cikin gari kawai yake zagayawa. Matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, mai ƙaton goshi irin na Baba, Allah ya jiƙansa. Rufin ɗakin baya da yake yoyo na sa an gyara, don haka in kin tashi zuwa, ɗakinki yana nan a bushe, babu sauran uzuri.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a aljihu. Dalili shi ne, a waya kina katse ni tun ban kai rabin magana ba, kamar yadda kika yi wancan karon, kika ce cajinki ya ƙare, ni kuwa ina jin rediyonki yana ta magana kafin layin ya mutu. Takarda ba a katse ta. Ko kin ninke ta kin sa ƙarƙashin filo don haushi, na san gobe za ki ciro ta ki ƙarasa. Tare da ita surukinki zai miƙa miki wani ɗan ƙunshi mai nauyi kaɗan. Don Allah kada ki buɗe shi sai kin kai ƙarshen abin da na rubuta.

Maganar dai ita ce wadda kika sani, ta Mamana, 'yata ta biyu mai sunan Inna, da zanen da take son yi. Kin ce mini a waya ke ba ki gane wannan sana'a ba, yarinya ta gama jami'a ta zauna tana shafa fenti a ƙyalle. Wallahi Yaya ni ma da farko haka na ce. Ni da na fita daga sakandare na shiga gareji da sanfefa a hannu, na goge motocin mutane har zanen yatsuna ya shafe, na tashi daga inuwar bishiya zuwa rumfa, daga rumfa zuwa ginin da yau manyan kamfanoni ke layin kawo motoci, ba don 'yata ta dawo tana warin fenti kamar ni na yi wannan wahala ba. Injiniya na so ta zama. Amma bara ta ja ni zauren da ake nuna zane-zanenta, na tafi ina gunaguni da babbar rigata, na fito bakina a rufe. Mutane take zanawa, baƙaƙen mutane irinmu, a ƙyallaye manya da suka fi ƙofar ɗaki tsawo. Akwai mai guga yana riƙe da dutsen gugarsa kamar wani mai mulki, akwai ma'aikaciyar asibiti da ta cire takalmi tana hutawa a benci, akwai wasu 'yan mata biyu suna kitso a bakin taga. Ba wanda ta sa ya yi murmushin dole, ba wanda ta sa ya zama abin tausayi. Suna zaune ne kawai suna kallonka ido cikin ido, kai ne ma za ka fara sunkuyar da kai. Na ga wani dattijo da sanda ya tsaya gaban mai gugar nan ya kasa tafiya, da na matsa kusa sai ya ce mini, ba tare da ya san ni ne uban mai zanen ba, wai tunda yake bai taɓa ganin an rataye mai kama da yayansa a bango mai fitila ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne fatar. Na kai hancina dab da ƙyallen har mai gadin wurin ya yi gyaran murya. Babu baƙin fenti tsagwaronsa ko ɗigo. A goshin mai gugar akwai shuɗi, a kumatunsa akwai ja mai duhu, a gefen wuyansa har kore-kore na gani, amma in ka ja da baya sai ka ga mutum baƙi siɗik yana sheƙi kamar zai yi magana. Na ce wa Mamana ai wannan sirrinmu ne na gareji, wa ya gaya mata? Don duk mai fentin mota na ƙwarai ya san baƙi ba ɗaya ba ne. Akwai baƙin da ke komawa shuɗi in rana ta doke shi, akwai mai komawa ja, akwai mai toka-toka, in ka ɗauki wannan ka shafa a ƙofar wancan, mai mota zai dawo maka da ita yana zagi. Ta yi dariya ta ce ai a garejin ta koya, tun tana zama a kan tsohuwar taya tana kallona ina juya gwangwani, wai ni dai ban lura ba ne don ina can ina yi wa ma'aikata lacca. Ranar, Yaya, na shiga mota na zauna na ɗan jima kafin in tayar.

To yanzu an ba ta babban zaure ita kaɗai, kuma zanen da take so ya tsaya a tsakiya, wanda mutum zai fara gani in ya shigo, shi ne na kakarta. Ba ta taɓa ganin Inna ba. Abin da ta sani kawai shi ne hoton nan guda ɗaya da ke rataye a falona, wanda ke ma kina da irinsa. Kuma kamar sauran jikokin, ta tashi tana zaton kakarta fara ce sol. Sai wata rana ina ba da labari na ce Inna baƙa ce, yarinyar nan ta ajiye cokali ta dube ni, ta dubi bango, ta ce to wace ce waccan?

Kin tuna ranar da aka ɗauki hoton? Ni ina ƙarami amma ranar tana nan a kaina. Baba ya karɓi sabon aiki, ya ce sai an yi hoton iyali, shi kuma da aka je ya ƙi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kekensa. Shagon hoton yana saman bene, matakalar katako tana ƙara, ciki yana warin wani magani mai hawa kai. A bango akwai labule da aka zana wa matakalar gidan masu kuɗi da tukunyar furanni. Mai hoton nan da muke kira Kar-ka-motsa, mai gashin baki da jan hula, ya zaunar da Inna a kujera mai hannu, ya tsayar da ke a damanta da hannunki a kafaɗarta, ni ya dasa ni a hagu da takalmin aro da ya matse mini yatsa. Inna tana da cikin Auta lokacin, shi ya sa har yau yake cewa shi ma yana hoton. Ba mu san cewa in an tafi Kar-ka-motsa yana zama da fensir mai tsini yana bin fuskar manya a jikin fim ɗin ba, yana ƙara musu haske, don a ganinsa kyautatawa ce, kuma masu zuwa shagonsa sun fi son haka. Ya bi fuskar Inna da wuyanta da hannayenta tas, har ya ɗan shafa mata ja a kumatu. Yara kuwa ba ya ɓata fensirinsa a kansu. Ni da na ɗebo wankan tarwaɗar Baba na fito dama-dama. Ke kuwa, da kika ɗebo Inna kaf, kika fito idanu biyu da farar riga, sauran duk duhu. Mamana ta ce ba laifin fuskarki ba ne, wai fim ɗin wancan zamani ba da irin fatarmu aka auna shi ba tun daga inda ake yin sa. Ni dai ban san wannan ba, abin da na sani shi ne abin da ya biyo baya.

Na san yaran layinmu sun ga hoton, na san sunan da suka sa miki daga ranar, ba zan rubuta shi a nan ba. Haƙorina na gaba da ya gutsure, wanda har yau ban gyara ba ko da yake ina da halin sa na zinariya, a kan wannan suna ɗan mai gyaran rediyo ya gutsure shi, shi ma kuma bai koma gida da hancinsa daidai ba. Tun daga lokacin ban sake ganin kin tsaya gaban mai hoto da son ranki ba. A hotunan aurenki kin sunkuyar da kai. Yanzu ma in muka yi kiran bidiyo sai ki ajiye wayar tana kallon sama. Wallahi Yaya na fi sanin fankar ɗakinki a kan fuskarki ta yanzu, har na lura fiffike ɗaya ya ɗan lanƙwashe, ki sa a duba.

Shi ya sa da Mamana ta roƙi ta zo wajenki ta zauna kwana biyu ta kalle ki a hasken taga, ban yi mamakin amsarki ba, ko da yake ta yi zafi. Kin ce ke ba abin kallo ba ce, ba za a rataye ki a bango baƙi su zo suna nuna ki da yatsa ba. Kin ce a bar Inna yadda take a hotonta, wai lokacin da take raye tana son abinta, kullum da safe sai ta goge gilashin. Kin ce mu da muka tashi a bayanki ba mu san komai ba, kuma ni Cika-baki tun ina yaro ba na barin abu ya kwanta. Na karɓi wannan, ke ce babba. Amma ki bar ni in faɗi abin da ni ma na tuna, in na yi ƙarya ki gyara mini.

Ranar da Baba ya kawo hoton a naɗe cikin jarida, matan gidan haya suka taru a tsakar gida suna ta salati, wannan ta ce Inna ta zama matar gwamna, waccan ta ce ashe haka take da kyau ba a sani ba. Inna tana wanki. Ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Baba wace baƙuwa ce wannan ta ɗaura mata ɗankwali ba ta roƙa ba. Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi, amma ni ina kusa da ƙafarta, na ga dariyar ba ta kai ido ba. Gogewar gilashi kuwa gaskiyarki ne, tana yi kowace safiya. Sai dai ni nake riƙe mata kujerar da take takawa, don haka na san inda bakin mayafinta yake tsayawa. Ba fuskar baƙuwar take gogewa ba. Gefen dama take murzawa, daidai inda kike, tana cewa 'yar nan tata ta ɓuya a duhu, bari ta ga ko za ta fito da ita. Ke lokacin kin riga kin tafi makaranta, don ke ce mai fita da wuri. Ban taɓa gaya miki ba don ban ɗauke shi wani abu ba, sai yanzu da furfura ta cika mini kai.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya sa na zauna rubutu, don ba Mamana ce ta sa ni ba, ba ta ma san na rubuta ba. Bayan kin ƙi, sai ta zo gareji da hantsi riƙe da hoton, ta ce tunda Yaya ta ƙi, ni in haɗa mata launin Inna a gwangwani, ita za ta bi shi da nata fentin. Na yi dariya a gaban ma'aikata na ce wannan ai wasa ne. Ni da ake kawo wa motar da ta shekara ashirin a rana, in dube ta sau ɗaya in haɗa launinta har mai ita ya kasa nuna inda aka yi gyara, uwar da ta haife ni ce za ta gagare ni? Na sa aka share mini tebur, na jera gwangwanaye, na ɗauki sandar juyawa, na rufe ido don in ga Inna.

Yaya, baƙuwar na gani. Na sake rufewa, ita dai. Matar nan mai jan kumatu da Kar-ka-motsa ya ƙirƙira ta zo ta zauna a kujerar Inna a cikin kaina, ta ƙi tashi. Na ce bari hannu ya yi aikinsa tunda ya fi kai tuna abu, na zuba, na juya, na fesa a guntun kwano na kai rana. Mamana ta ɗora shi a kan hoton, ya zauna daram a kan kumatun baƙuwar kamar daga nan aka yanko shi. Ma'aikata kowa ya kama gabansa kamar an aike shi. Na shiga ofis na rufe ƙofa.

Abin ban mamaki shi ne komai nata yana nan. Ina jin muryarta in tana kiran sunana daga bakin famfo, da yadda take jan ƙarshensa in na yi laifi. Ina jin ƙanshin sabulun wanki da man da take shafawa a hannu. Na tuna tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu, da kaushin tafinta in ta shafa mini goshi lokacin zazzaɓi, da yadda take cije zare da haƙoran gefe, da tsagar da ke dugaduganta. Na tuna ɗakinmu, gadon ƙarfe mai ƙara, akwatin da muke ɗora fitila a kai, tagar da ke kallon bayan shagon tela, da hasken safe da ke shigowa ta nan ya sauka a gefen fuskarta tana tsefe miki kai. Ina ganin hasken, ina ganin tsefewar, amma in na kai ido kan fatar sai hoton bango ya rufe ta. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa safe da yamma, ashe yana cin ta a hankali ban sani ba. Na yi rashin Inna sau ɗaya muna tare da ke a bakin gadon asibiti. Wannan na biyun ni kaɗai na yi shi, a ofis, da sandar juya fenti a hannu.

Ban zauna haka ba, kin san ni. Na je wajen Auta, ya ce shi abin da ya tuna kawai tana da laushi. Na nemi tela maƙwabcinmu na da, yana nan da rai wajen 'yarsa, idanun sun tafi amma bakin yana nan. Ya riƙe hannuna ya yi ta kuka da dariya, ya ce Inna baƙa ce kyakkyawa, irin baƙin da in ta sa shuɗin zani sai ka rasa wanne ke haska wanne. Na ce Baba tela baƙi kala-kala ne, wanne daga ciki? Ya ce kai yaro har yanzu ba ka da wayo, je ka dubi yayarka mana, ai Allah bai sake awo ba da ya zo kanta. Duk wanda na tambaya maganar ke nan. 'Ya'yanki sun ɗebo hasken ubansu, nawa sun ɗebo ni da uwarsu. A duk zuriyar nan ke kaɗai kike ɗauke da shi, kuma daga ni har ke ba yara ba ne. Hoton waya ba zai yi ba, don Mamana ta nuna mini da idona yadda wayar ke ƙara wa mutum haske da kanta ba a tambaye ta ba. Kar-ka-motsa ya mutu amma ya bar magada a aljihun kowa.

Zanen yana nan a ɗakin aikinta, jingine da bango. Ta cire labulen matakalar ƙarya, ta mayar da su ɗakinmu, da gadon ƙarfe da akwatin da tagar, yadda na yi ta ba ta labari. Inna tana zaune, ɗankwalin ya fito har da zaren da ya zare a gefe. Ni ina hagu, ta gama ni, ta kuma yi mini kunnuwa kamar na zomo, da na yi ƙorafi ta ce haka suke a hoton, in je in duba. A dama ga yarinya da farar riga, hannunta a kafaɗar uwarta. Fuska biyu da hannaye huɗu ne kawai babu, farin ƙyalle ne a wurin. Mamana ta ce ba za ta yi ƙage ba, ba za ta zaɓar wa kakarta launi kamar yadda wancan mai hoton ya zaɓar mata ba. In ba a samu na gaskiya ba, haka za ta rataye shi ba fuska, ranar buɗe zaure kuwa ta matso. Na je na tsaya gabansa sau ɗaya, ban iya komawa ba.

To ga abin da ke cikin ƙunshin. Mu a gareji, in mota ta gagari ido, ba ma gardama da ita. Sai mu yanka guntayen kwano, mu fesa wa kowanne launin da muke zato, wannan ya ɗara wancan duhu kaɗan, wannan ya fi ja, wannan ya fi shuɗi, mu fita da motar rana mu riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙofa. Wanda bai dace ba zai yi ta ihu a kan motar. Wanda ya dace kuwa sai ya ɓace, ka neme shi ka rasa alhali yana gabanka. Gwaji muke ce musu. Na zauna da hannuna na haɗa miki su, ban bar kowa ya taɓa ba, ban sa musu mai sheƙi ba don fata ba gilashi ba ce, na goge bakin kowanne da sanfefa don kada ya yanke ki, na bar su suka bushe har warin ya fita. A bayan kowanne akwai lamba.

Ba na roƙon ki zauna gaban kowa. Ba mai zuwa, ba mai ɗaukar hoto, ba wanda zai kalle ki. Ranar da rana ta ga damar fitowa a ƙasar nan taku, da hantsi, ki ja kujera bakin taga ko ki fita baranda ke kaɗai. Kada ki yi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana ƙarya. Kada ki shafa mai tukuna. Ki ɗora su ɗaya-ɗaya a bayan hannunki, ki miƙe hannun nesa da ido, ki ɗan lumshe. Wanda ya ɓace, ki ba surukinki ya taho da shi, zai sake zuwa kafin a buɗe zauren. In biyu suka rikita ki, ki aiko duka biyun, Mamana ta san abin da za ta yi da tsakaninsu. In babu wanda ya ɓace, ki gaya mini wanda ya fi kusa da ko duhu ya rage ko ja, in sake haɗawa, ba na gajiya.

Akwai guda ɗaya da na naɗe daban cikin takarda. Shi ne wanda na haɗa ranar da na cika baki, launin baƙuwar. Na sa shi ne don kada ki ce na yi miki dabara na toshe miki hanya. Ke kika fi ni sanin Inna, ke kika yi mata wankan jinya, ke kika rufe mata ido. In kin duba zuciyarki kin ga lallai yadda take a hoton nan take so a tuna da ita, ki aiko da shi, na yi miki alkawari zan kai wa Mamana da hannuna in ce umarnin Yaya ne, kuma ba za ki sake jin bakina a kan maganar ba. Sai dai ki sani launi ɗaya za a yi wa fuskokin nan biyu, don tela ya ce awo ɗaya ne. Duk abin da kika zaɓar wa matar da ke zaune, shi kika zaɓar wa yarinyar da ke tsaye a damanta, wadda ake ta murza gilashi ana nema.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, ki ce ina nan ina jiran ya zo mu ƙarasa musun da muka fara a kan tsohuwar motarsa. Ki gaishe da babbar 'yarki da ƙannenta, da likitanmu na gobe in karatu ya bar shi ya ɗaga kai, da 'yan biyu masu fasa miki kofuna. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce rigar sanyin da kika aiko ta yi mata daidai. Auta da matarsa da jaririya suna gaisuwa, babban ɗana ma haka. Baba tela ya ce in gaya miki har yanzu yana bin ki gaisuwar da kika wuce ba ki yi masa ba ranar da za ki tafi. Mamana ba ta san da takardar nan ba, amma na san da ta sani da ta cika rabinta da gaisuwa. Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka makwancinsu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Abu na ƙarshe. In kin ɗora wani a hannunki kika neme shi kika rasa, kada ki yi saurin tashi ki koma ciki. Ki ɗan jima a ranar. Hannun Inna ne kike kallo, ni kuwa na daɗe ban gan shi ba. Ki gaishe mini da shi.

Ƙanenki mai fenti,
wanda har gobe kike kira Cika-baki.